Nazarin Lamari: Kayan Sauti Masu Tsada da Ɗaukar Tafsiri a Wani Masallaci na Nima

A wani masallacin unguwa da ke cikin lungunan Nima, a birnin Accra, an shafe shekaru ana ɗaukar tafsirin watan azumi ana tura wa 'yan unguwar da neman abinci ya kai su nesa. Wasu suna Bronx a birnin New York, wasu suna Hambug ta Jamus, wasu kuma sun watsu a garuruwan Italiya, kuma da yawansu ba su da wata hanyar jin muryar malaminsu sai wannan sauti da yake isar musu ta WhatsApp bayan an tashi daga majalisi. Ni ne sakataren kwamitin masallacin, saboda haka duk takardar kuɗi da duk ƙorafi ta hannuna suke bi, kuma abin da zan bayyana a nan a gabana aka yi shi tun daga farko.

Ƙorafin da ya fi yawa shi ne wani ƙugi mai kauri, irin na tsohon firji, wanda yake kwance a ƙarƙashin karatun tun daga Bismilla har zuwa addu'ar rufewa. Bayan shi, muryar Malam takan fito kamar daga cikin rijiya, har mai sauraro ya fi jin tarin mutumin da ke sahun gaba a kan fassarar ayar, kuma idan mai jan baƙi ya ɗaga murya a wurin madda sai sautin ya tsage ya yi kaushi. Wata dattijuwa da ke zaune wurin 'yarta a Amurka ta aiko da saƙo cewa ta kasa bambance sin da sad a bakin alaramma, ita da ta yi shekaru tana koyar da yara tajwidi a zauren gidansu. Wannan saƙo ne ya motsa mutane. Kafin watan Rajab ya fita, 'yan uwa na waje sun haɗa kuɗi masu kauri sun turo, da sharaɗi guda: a gyara sautin kafin azumi.

Shugaban kwamitinmu, Alhaji, ɗan kasuwa ne mai gaskiya da son abu mai kyau. Wani abokin cinikinsa ya kai shi wani shago a ɓangaren Osu, inda ake sayar da kayan sauti na ƙasashen waje. Shagon shimfiɗe yake da kafet, ga labule masu nauyi, ga sanyin na'ura, ba a jin ko hon ɗin mota. Mai shagon ya zaunar da shi, ya ɗora masa wata babbar lasifikar kunne, ya ce, “Alhaji, ku saurara da kanku, ba sai na ce komai ba.” Sai ya kunna masa karatun wani limamin Harami. Da Alhaji ya dawo ya same ni, abin da ya fara ce mini shi ne, “Malam Sakatare, wallahi har numfashin mai karatun na ji, kamar a kusa da ni yake zaune.” Ban yi shakkar maganarsa ba a lokacin, kuma har yau ban yi ba.

Takardar farashin da ya zo da ita tana ɗauke da abubuwa uku, kuma jimillarsu ta kusa cinye kuɗin gudummawar gaba ɗaya. Akwai na'urar da masu sana'ar suke kira DAC, wadda aka rubuta a kwalinta cewa tana aiki da bit 32 da kilohaz 384. Akwai wayar USB mai bakin zinariya, wadda takardar tallarta ta ce tana buɗe sauti ta sa shi ya yi zurfi da taushi. Sai kuma wayar wuta mai kaurin babban yatsa, wadda aka ce tana tsarkake lantarki kafin ya shiga na'ura. Mai shagon ya ƙara da cewa da waɗannan kaya makharijin haruffa za su fito ɗaya bayan ɗaya, maganar da ta dace daidai da abin da yake damun kwamitin.

Wanda ya dakatar da mu wani matashi ne ɗan unguwar, da ya karanta injiniyan lantarki a Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Kwame Nkrumah da ke Kumasi, kuma shi yake kula da amfilifayar masallaci tun yana sakandare. Ya karanta takardar sau biyu, ya rusuna ya ce, “Baba Alhaji, ku gafarce ni, wannan na'ura ba ta ɗaukar murya, fitar da ita kawai take yi.” Sai ya zana mana tafiyar sauti a bayan takardar. Murya tana fita daga bakin Malam ta shiga makirufo, ta bi waya zuwa na'urar da take mayar da ita lambobi, a ajiye lambobin a kwamfuta, a tura su ta intanet, sannan a can ƙarshe wayar mai sauraro ta sake mayar da lambobin su zama sauti a kunnensa. DAC aikinta wannan mataki na ƙarshe ne, kuma kowace wayar hannu tana da ƙaramar irinta a ciki. Idan muka sayi mai tsada muka ajiye a masallaci, wanda yake zaune gaban kwamfutarmu ne kaɗai zai ji ta, amma dattijuwar da ke Amurka za ta ci gaba da saurare da wayarta, fayil ɗin da zai je mata kuwa ba zai canza da ko lamba ɗaya ba. A nan ya kamata maganar ta ƙare, sai dai Alhaji ya ji abin da ya ji da kunnensa, kuma ba daidai ba ne a ture shaidar dattijo ba tare da an bi ta an ga inda ta fito ba.

Muka fara da lambobin da ke jikin kwalin. Kwamfuta ba ta ajiye sauti yadda kaset yake ajiye shi. Abin da take yi shi ne ta riƙa auna ƙarfin igiyar sautin sau dubbai a cikin daƙiƙa guda, tana rubuta kowane awo da lamba. Faifan CD, wanda kamfanonin Sony da Philips suka fitar a kasuwa a 1982, yana yin wannan awo sau 44,100 a daƙiƙa, kuma ba da ka aka zaɓi adadin ba. Akwai ƙa'idar lissafi da ake jingina wa Harry Nyquist da Claude Shannon, wadda Shannon ya bayyana hujjarta a rubuce a 1949, cewa idan ana so a kama sauti ba tare da an rasa wani abu nasa ba, ya wadatar a auna shi fiye da ninki biyu na kaɗawarsa mafi sauri. Kunnen matashi mai lafiya yana jin sautin da yake kaɗawa daga sau 20 zuwa kusan sau 20,000 a daƙiƙa, kuma iyakar ta sama tana sauka ne yayin da shekaru suke ƙaruwa. Ke nan awon CD ya riga ya rufe duk abin da ɗan Adam zai iya ji. Na'urar da take awo sau 384,000 a daƙiƙa, wato kilohaz 384 ɗin da ke jikin kwalin, tana iya ɗaukar kaɗawa har 192,000, kusan ninki goma na iyakar kunne, alhali sautin shi-shi da yake rarrabe sin da sad da shin yana zaune ne a 'yan dubbai zuwa wajen dubu goma, wurin da ko na'ura mai arha ba ta gaza kaiwa.

Batun bit kuwa ya shafi tazarar da ke tsakanin sauti mafi ƙarfi da mafi rauni da na'ura za ta iya riƙewa. Da desibel ake auna ƙarfin sauti, kuma kowane bit yana ƙara kimanin desibel 6, don haka bit 16 yana ba da wajen 96, bit 24 yana ba da 144, bit 32 kuma a kan takarda ya kai 192. Amma kayan lantarki suna da nasu ɗan surutun da zafi yake haifarwa a cikinsu, wanda ba a iya kawar da shi, shi ya sa mafi ingancin na'urorin duniya da ƙyar suke kai abin da ya yi daidai da bit 21 ko 22 a aikace. Lambar 32 da ke kwalin gaskiya ce ta fuskar irin fayil ɗin da na'urar take karɓa, ba ta fuskar abin da yake fita daga cikinta ba. A masallacin da fanka huɗu suke juyawa, babura suna wucewa ta bakin taga, ko rabin tazarar da CD yake bayarwa ba ma amfani da ita.

Wayoyin sun fi sauƙin bayani. Abin da yake bi ta cikin wayar USB lambobi ne, kuma ko dai su isa yadda aka turo su ko su samu matsala, idan kuwa suka samu matsala abin da ake ji shi ne ƙas-ƙas ko yankewar sauti, ba raguwar taushi ko zurfi ba. Shafen zinariya a bakin waya yana da amfani na gaske wajen hana tsatsa, musamman a gari irin Accra mai danshi da iskar teku, amma ba ya ƙara wa lamba daɗi. Game da wayar wuta, matashin ya tambayi kwamiti yadda lantarkin da ya taso daga madatsar Akosombo da tashoshin Tema da Aboadze, ya bi dogayen layuka da taransifoma da tsofaffin wayoyin cikin bango, zai tsarkaka a cikin kamu uku na ƙarshe. Aikin tace wuta a cikin na'urar kanta ake yinsa. A Birtaniya ma hukumar da ke sa ido kan tallace-tallace ta sha hana wasu masu sayar da irin waɗannan wayoyi ci gaba da iƙirarinsu, saboda sun kasa kawo hujjar da za ta tabbatar da shi.

Ya kamata in yi wa ɗaya ɓangaren adalci, domin masana ba su rufe wannan babi gaba ɗaya ba. A 2007, Brad Meyer da David Moran sun wallafa wani gwaji a mujallar ƙungiyar injiniyoyin sauti ta AES, inda aka riƙa kunna wa mutane faifai masu manyan lambobi, wani lokaci kai tsaye, wani lokaci bayan an rage su zuwa matakin CD, ba tare da sun san wanne ake kunnawa ba. A cikin gwaji 554 an dace sau 276, wato daidai da abin da mai cankar ido rufe zai samu. Amma a 2016 Joshua Reiss na Jami'ar Queen Mary da ke Landan ya tattara gwaje-gwaje 18 ya sake lissafa su, ya ga cewa akwai ɗan bambanci da ake iya ji, domin dacewar masu sauraro ta ɗara rabi da kaɗan, kuma bambancin ya fi fitowa ga waɗanda aka horar da kunnensu. Wanda ya ce babu bambanci ko kaɗan ya wuce abin da aka tabbatar. Sai dai bambancin da sai an horar da mutum, an zaunar da shi a ɗaki shiru, sannan ya kama shi jefi-jefi, ba shi ne wanda Alhaji ya ji nan take a shago ba.

Don gano abin da ya ji ɗin, muka nemi mai shagon ya ba mu aron kayan na kwana biyu a kan ajiyar kuɗi. Ya amince, har ya ce zai zo da kansa, kuma wannan ya nuna mini cewa mutumin ya yarda da hajarsa, ba yaudara ya shirya ba. Muka zauna a ajin makarantar Islamiyya bayan sallar isha'i, lokacin da hayaniyar titi ta ɗan lafa. Matashin ya haɗa na'urar mai tsada da wata ƙarama ta talakawa da ya aro wurin abokinsa, duka biyun a kan lasifikar kunne guda, wadda aka yi amfani da ita a shago. Abu na farko da ya yi shi ne ya kunna wani sauti mai tsayuwa wuri ɗaya, ya sa mita ya auna ƙarfin da kowace take fitarwa, sai ga shi mai tsadar ta fi ƙara nesa ba kusa ba. Wannan sananniyar ɗabi'ar kunne ce, idan aka kunna abu ɗaya sau biyu, ɗaya ya ɗan fi ƙara ko da da desibel ɗaya ne, mai sauraro ba ya cewa ya fi ƙara, cewa yake yi ya fi cika, ya fi fita sarai. Sai da ya daidaita su har allurar mitar ta tsaya wuri guda sannan aka fara.

Aka rataya zani tsakanin mai sauraro da teburin kayan. Ni na riƙa jefa sulalla don tsara wadda za a kunna a kowane zagaye, na rubuta a takarda na miƙa wa mai canza waya, ba tare da mai sauraro ya gani ba. Kowa yakan ji ta farko, ya ji ta biyu, sannan a kunna masa ɗaya a ɓoye ya faɗi wacce ce, har sau 16. Mun amince tun kafin a fara cewa sai wanda ya dace sau 12 ko fiye za a ce ya ji bambanci, domin ƙasa da haka sa'a kaɗai tana iya kawo shi. Alhaji ya zauna, mai jan baƙi ya zauna, matasa biyu masu kaifin kunne suka zauna, mai shagon ma ya zauna. Babu wanda ya kai 12, ko a na'urar ko a wayar USB, kuma mafi yawansu a kusa da rabi suka tsaya. Mutum biyar a dare ɗaya ba su isa a yanke wa duniya hukunci da su ba, amma sun isa su amsa tambayar da ke gaban kwamitin da yake riƙe da kuɗin jama'a.

Kafin a tashi, Malam, wanda ya zauna shiru a gefe tun farko, ya ce a kunna tafsirinmu na bara a kan kayan masu tsada. Aka kunna. Ƙugin nan ya fito tas, tarin sahun gaba ya fito tas, tsagewar madda ta fi da kaushi, domin na'ura mai kyau ba ta ɓoye aibin abin da aka ba ta. A nan kowa ya gane cewa daɗin da aka ji a Osu ya fito ne daga karatun da ƙwararru suka ɗauka tun asali, da lasifikar kunne mai inganci, da ɗaki shiru, da kuma ƙarin ƙara. Malam ya ce, “To, Alhaji, ba a nan gizo yake saƙar ba. Mu koma masallaci.”

A masallaci, binciken bai ɗauki yini ba. Matashin ya kunna komai yadda aka saba, ya sa lasifikar kunne, sannan ya zare cajar kwamfuta daga bango, sai ƙugin ya faɗi nan take. Wutar Ghana tana kaɗawa sau 50 a daƙiƙa, kuma da yake an jona amfilifaya a soket ɗaya, kwamfuta a wani soket na ɗaya bangon, sannan aka haɗa su da doguwar waya marar kariya, ɗan lantarkin da yake zagayawa tsakaninsu shi ne yake shiga cikin karatun. Wani daga cikinmu ya ba da shawarar a karya ƙafa ta uku ta fulogin, kamar yadda wasu masu kiɗan biki suke yi. Matashin ya ƙi sam, domin wannan ƙafa ita take kai wuta ƙasa idan na'ura ta lalace, kuma makirufon ƙarfe a hannun Malam yake. Aka kira mai gyaran wuta ya gyara layin ƙasa na ginin, aka mayar da kayan duka kan soket guda, aka kuma ajiye ƙa'idar cewa idan dumsor, wato ɗaukewar wuta, ta sa aka tayar da janareta, kwamfuta a kan batirinta za ta yi aiki.

Muryar cikin rijiya kuwa daga wurin zaman makirufo ta samo asali. Guda ɗaya ne aka kafa tsakanin Malam da mai jan baƙi, kusan kamu biyu daga bakin kowannensu, a ɗaki mai tayil da bangon siminti da yake mayar da amsa-kuwwa ta kowace kusurwa. Duk lokacin da aka rage nisan baki da makirufo da rabi, muryar tana ƙaruwa da kimanin desibel 6 a kan surutun ɗakin, don haka matso da shi daga kamu biyu zuwa faɗin tafin hannu ya ba mu wajen desibel 18 ba tare da an kashe ko pesewa ba. Muka je Zongo Lane muka sayi makirufo biyu irin waɗanda suke jin abin da ke gabansu su ƙyale na bayansu, da wayoyi masu ƙafa uku da ake kira XLR waɗanda suke soke ƙugin da suka kwasa a hanya, da ƙaramar na'urar ɗaukar murya mai ƙofa biyu. Tsagewar madda ta tafi da aka rage ƙarfin shigar murya, aka sa alaramma ya ja aya mafi tsawo da iyakar muryarsa aka bar sarari a samanta. A nan ne kaɗai babbar lamba ta yi mana rana: ɗauka da bit 24 tana ba da damar a yi ƙasa da ƙarfin shigar ba tare da an yi asarar komai ba, kuma ƙaramar na'urar da muka saya tana yin hakan.

Saura hanyar turawa. A da, yaron da aka ɗora wa aikin yakan tura karatun a matsayin saƙon murya, wanda WhatsApp yake matse shi ƙwarai don ya yi sauƙin tafiya. Yanzu ana fitar da shi a fayil na MP3 a tura shi a matsayin takarda, wato document a WhatsApp, kuma karatun awa guda ba ya wuce megabait 30. Da a ce mun bi lambobin kwalin nan mun ɗauki awa guda da bit 32 da kilohaz 384 a kunne biyu, da fayil ɗin ya kai kusan gigabait 11, abin da babu mai sayen data a Nima ko Mamobi da zai iya saukewa kullum har kwana talatin.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne yadda takardun tallan suka haɗa lambobi na gaskiya da kalmomin da ba a iya aunawa, irin su zurfi da taushi da buɗewa, har mai saye ya ɗauka cewa lambobin ne hujjar kalmomin. Mai shagon bai ƙirƙiro su ba, a kwali ya same su, kuma da ya karɓi kayansa ya mayar mana da ajiyarmu cif, bai riƙe ko sidi ɗaya ba. Laifin da nake gani nasa shi ne bai tambayi Alhaji yadda muke ɗaukar karatun ba kafin ya rubuta farashi.

Abin da muka kashe bai kai kashi ɗaya cikin huɗu na gudummawar ba. Na rubuta wa 'yan uwa na waje bayanin kowane abu da rasit ɗinsa, suka amince a sa ragowar a labule masu nauyi da darduma a bangon da ke fuskantar Malam. Alhaji ya koma Osu ya sayi lasifikar kunnen nan da kuɗin aljihunsa, domin ita ce kaɗai kowa ya ji bambancinta a daren gwajin, kuma da ita matashin yake duba kowane karatu kafin a tura. A daren biyar ga azumi dattijuwar ta aiko da saƙo cewa ta ji sad ɗin alaramma, har ta gyara masa wata gunna da ya taƙaita. Ƙarar babura tana shigowa har yanzu ta tagar gabas, musamman gab da shan ruwa, kuma ɓangaren mata yana nan da amsa-kuwwarsa. Kwamiti ya sa su a ajandar zaman watan Shawwal, kuma an riga an kira kafinta ya zo ya auna tagar.